Fasfon Mai Leda

Shekara ashirin da shida Mai Leda ya yi a shago ɗaya, ƙarƙashin wani bene da ke kallon tashar mota. Aikinsa ɗaukar hoton takardu da sa musu leda: takardar haihuwa, shaidar makaranta, katin asibiti. A wurinsa, duk takardar da ba ta sha leda ba tsirara take yawo. Bai taɓa kwana a wani gari ba. Ko motar haya zai shiga, sai ya zagaya ya duba tayoyi.

Wata ranar Talata waya ta shigo daga ƙasar waje. Ɗan yayarsa ne, yayar da ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kafin aure ya kai ta can.

"Kawu, jikin Mama ya yi tsanani, kai kaɗai take kira. Na turo takardar gayyata, tikiti ma na saya."

"To, shi jirgin nan, idan mai ya ƙare masa a sama fa?"

"Kawu, don Allah."

Sati biyar ya yi yana shiri. Sau biyu ya je filin jirgi don kawai ya gane ƙofar shiga. Kullum da safe sai ya kinkimi jakarsa zuwa sikelin mai sayar da ƙusa.

"Malam, jakar nan har ta rame saboda awo," in ji matarsa.

Da biza ta fito, sai sabuwar fargaba ta kama shi. 'Yar takarda ce aka manna a shafin fasfo, shi kuma tafin hannunsa ba ya rabuwa da gumi. Ana gobe tafiya hadari ya haɗo. Ya yanko leda daidai shafin, ya jona dutsen guga.

"Ka tambayi ɗan Yaya tukuna?" in ji matarsa.

"Ni za a koya wa takarda? Riƙe min nan, kar ta motsa."

Awa shida kafin tashin jirgi yana kan layi. Ma'aikaciyar da ke duba takardu ta buɗe fasfon, ta kankari gefen shafin da farce, ta ɗago kai.

"Baba, wa ya yi maka wannan?"

"Ni, da hannuna. Duba da kyau, 'yata, ko kumfa ɗaya babu."

"Baba, fasfo ba a ƙara masa komai. Wannan ya lalace. Ba za ka hau da shi ba."

"To a ɓare mana!"

Bai rufe baki ba ya san amsar. Ledar da ya sa ba ta taɓa ɓaruwa ba tare da ta taho da rubutun ba. Da wannan yake yi wa masu shagon gefe gori. Ya ja jakarsa ya zauna a benci, har aka kira jirgin, har aka daina kira.

Da yamma Yaya ta sa aka kara mata waya a kunne. Muryarta ta zama siririya.

"Auta, ka taso?"

"Ina hanya, Yaya."

Haka ya riƙa ce mata kullum, yana zarya ofishin fasfo, ana ce masa ya dawo jibi. Kwana tara ta yi tana sa a gyara masa ɗaki. A na goma ɗanta ya kira. Mai Leda yana tsaye a shago, ya ji abin da zai ji, ya dafa tebur, ya fara bayanin gumi da hadari.

"Bar shi, Kawu. Kowa ya san tsoron jirgi kake. Da ka fito fili ka ce ba za ka zo ba, da ba ta cika tana kallon ƙofa ba."

"Wallahi na je. Ina kan layi, tambayi..."

Amma ɗan Yaya ya riga ya kashe wayar.