Takardar da Baba ta yaga

Jiya a cikin bas na ji wani ya yaga takarda, sai maƙwabciyata ta unguwar Longsight, nan ƙasar Turawa, ta faɗo mini a rai. Tsohuwar nas ce 'yar Filifin, ta girme ni nesa, Baba nake ce mata. Ɗakinta kullum ƙamshin tafarnuwa yake yi.

A bangonta akwai hoton wani mutum riƙe da adda. Ranar da na fara shiga na ce, "Allah ya jiƙan maigida."

Ta yi dariya har da hawaye. "Ba mijina ba ne, Hajiya. Shi ne jagoran da ya sa mutanenmu suka yayyaga takardun harajin 'yan mulkin mallaka."

Da council, wato ƙaramar hukuma, ta aiko da takarda cewa za a rufe zauren da mu tsofaffi muke haɗuwa, ita ta karanta mini, don ni ban yi boko ba. Ta riƙe gefen takardar, ta miƙo mini ɗayan. "Ja."

Na ce ni ba na wasa da hukuma. Ta yaga ita kaɗai, ta danƙa mini rabi.

An rufe zauren, sanyin shekarar kuma ya tafi da ita. Rabin nan yana cikin jakata har yau. Da ma na ja.

Allah ya sa inda ta je ba a rufe wa tsofaffi ƙofa.