Kunyar Ɗan Fari Ta Hana Ni Faɗin Abin da Kunnena Ya Ji

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni 'yar Kebbe ce da aure ya kawo Tambuwal, kuma a shekarun da zan ba ku labari ba ni da wata sana'a da ta wuce matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a cikin gida. Boko a aji huɗu na firamare na ajiye shi, sai islamiyyar matan aure da na shiga daga baya, ita ta sa nake iya haɗa baƙi har na rubuto muku wannan. Ban cika fita ba, amma labarin gari ba ya wuce ni, don duk wadda ta shigo sayen mai sai na shimfiɗa mata tabarma mun taɓa hira. Maigidana kan ce da surutu abin aunawa ne a mudu, da ya bar kasuwar hatsi ya zauna gida yana sayar da nawa. To duk bakin nan nawa, akwai mutum guda da ban taɓa zama na yi zance da shi ba, shi ne ɗana na fari.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da nake nufi. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye shi Inna, mahaifiyata, ta zo ta goya shi ta tafi da shi Kebbe, ya tashi a hannunta tare da ƙannena. Ni ɗan Inna nake ce masa, shi kuma Adda yake ce mini yadda ya ji ƙannena suna faɗi. In ya zo hutu ya gaishe ni, sai in amsa ina kallon tukunya. Akwai wata a unguwarmu da ta taɓa shagala ta kira ɗanta na fari da sunansa a gidan biki, har yau in ta wuce sai an sami mai kwaikwayon muryarta. Ni kaina na sha yi mata dariya.

Yaron ya tashi cikin shanun kawunsa. Wata shekara ciwon huhu ya shiga garken, suna ji suna gani shanu suna faɗuwa, sai da wani likitan dabbobi ya zo daga Sakkwato ya yi wa sauran allura kafin abin ya tsaya. Tun daga ranar yaro ya ɗaura aniya shi ma likitan dabbobi zai zama. Ba daga bakinsa na ji ba, ƙanwata ce da ke zuwa mini daga Kebbe take kawo mini labarinsa, ni kuma in yi kamar hankalina na kan gyaɗa, alhali ko kalma ba ta wuce ni.

Da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, ya zo mana hutu. Ina bakin murhu ina suya, shi yana gindin darbejiya da ƙanensa yana ba shi labarin makaranta. Ya ce shi ajin kimiyya aka sa shi, amma malaminsu na fiziks an yi masa canjin wurin aiki ba a kawo wani ba, don haka aka ce wanda ya so ya bar fiziks ya ɗauki wani darasi a madadinsa. Shi ya riƙe ilimin noma ya ƙara da jogirafi. Yana faɗi yana murna, ya ce ai a darasin noma har cututtukan shanu ake koya musu, shi kuwa me zai yi da lissafin ƙarfe da wuta, saniya ce ke amfani da lantarki? Suka yi dariya. Ni ma a zuciyata na ce yaron nan ya yi dabara.

Bayan ya koma, wata maƙwabciyata ta shigo da 'yarta da ta gama sakandare, idon yarinyar ya kumbura don kuka. Uwar ta ce sun nemi karatun jinya an ce ba za a ɗauke ta ba, duk da ta ci jarrabawarta da kyau, don babu fiziks a cikin sakamakonta. Na ci gaba da zuba mai a kwalba, na tambayi yarinyar a kaikaice, na ce to wanda ke son likitancin dabbobi fa, ai shi ba ruwansa da wannan, tunda noma ya fi kusa da shi. Ta ce a'a, duk hanyarsu ɗaya. Ta ce fiziks da kemistiri da bayoloji kamar duwatsun murhu suke, in babu ɗaya tukunyar ba ta zama, ko likitan mutane ne ko na dabba. Man da nake zubawa sai da ya malala a ƙasa ban sani ba.

Daga ranar tsoro ya zauna mini. In ina daka sai in ji sunan darasin nan yana fita tare da ƙarar taɓarya. Na fara tarar maigidana da zancen, na ce ɗan Inna kamar an bar shi ya yar da wani darasi mai muhimmanci. Shi ma kunyar ke gare shi, sai ya kau da kai ya ce, "Malamansu sunka yarda mai, ke mi kinka sani ga boko?" Ya ƙara da tsokana, wai mai ƙuli ta zama shugabar makaranta. Na bar zancen, don gaskiya ni ma ban tabbata ba. Ina tsoron in tayar da ƙura a kan zancen yarinya guda, a zo a ga ba haka ba ne, in zama abin dariya a gari biyu.

Da ƙanwata ta zo na ja ta ɗaki na yi mata bayani dalla-dalla, na ce ta faɗa wa Inna a je makarantar a bincika. Ashe sunan darasin ma kafin motar ta kai Kebbe ya ɓace mata. Abin da ya isa kunnen yaro shi ne Adda ta ce ka dage da karatu. Inna kuwa ranta ya sosu. Ta aiko mini cewa ita ta riƙe ni ta riƙe ƙannena babu wanda ya lalace, in kuwa na ga riƙonta bai yi mini ba in zo in ɗauki abina. Wanda ya san Inna ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na aika da ban haƙuri da kwalbar mai, na ja bakina na tsuke.

Dama ta zo mini har cikin gida, na sake ta. Da babbar Sallah yana aji biyu ya shigo da hantsi, ya kawo mini man shanu daga Inna, babu kowa a gidan sai ni. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ajiye ƙwaryar. Na shirya maganar a bakina tsaf, cewa ya koma ya nemi darasin nan ko da sauya makaranta ne, ya dawo Tambuwal in ya so ya maimaita aji. Amma sai na ji kamar an kama ni da sata, ina ganin kamar matan unguwa duk sun jeru a kan katanga suna saurare. Ya ɗan jira, don ya ga alamar akwai magana. Abin da ya fito daga bakina shi ne a gaida Inna. Ya tashi ya fita.

Ya gama makaranta, sakamako ya fito ya ci komai, a Kebbe har da dafa shinkafa. Ni ina amsa barka, hankalina na kan darasin nan da ya bari. Da lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ya yi, ya zo Tambuwal ya tafi shagon kwamfuta da ake yi wa yara. Bai daɗe ba ya dawo. Ina jin tafiyarsa a zaure na san an faɗa masa. Na ji yana gaya wa babansa da wata murya da ban san shi da ita ba, cewa mai shagon ya duba sakamakonsa ya ce ba likitancin dabbobi kaɗai ba, har haɗa magunguna da injiniya da aikin jinya duk sun rufe masa. Ƙanwata na gidan ranar, sai bakinta ya suɓuce ta ce wayyo, ashe abin da Adda ta aike ni ke nan. Ya shigo tsakar gida ya tsaya a gabana, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Adda, ashe tun ina aji ɗaya kinka san wanga zance?" Ba da faɗa ya yi ba, a hankali ya tambaya. Na ce na sani.

Ya zauna a wurinmu, babansa ya samo masa malamin da ke koyar da yara a gida, ya shiga haɗa karatun shekara uku a cikin 'yan watanni don ya zauna jarrabawar 'yan waje, wato ta waɗanda suka riga suka bar makaranta. Ina ganinsa a gindin darbejiya ya dafe kai, abincin da na ajiye masa ya huce. Ya zauna jarrabawar bai ci ba. Ya sake zama bai ci ba. Daga nan ya tattara littattafan ya ba ƙanensa, ya bi shanun kawunsa da suka yi kudu da rani. Kun san yadda dajin ya zama yanzu. Waya ba ta shiga, sai jita-jita, yau a ce an kore garken wasu, gobe a ce an tare wasu makiyaya. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai in saki abin da nake yi, ina jiran a ce ga abin da ya faru. Na rame har masu sayen mai suna tambaya ko ciwo nake. Ban iya ce musu ɗana nake tunani ba, sai in ce zafin murhu ne.

Da ruwa ya sauka Allah ya dawo da shi lafiya. Wannan karon ban aiki kowa ba. Na hau mota na tafi Kebbe, na same shi yana ɗaure maruƙa, na tsaya gaban Inna da ƙannena na yi masa magana baki da baki. Na ce ya gafarce ni, kuma kar ya bar karatu, ya nemi abin da sakamakonsa zai iya buɗe masa. Inna ta dube ni ta dube shi, ta shige ɗaki. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Daga baya ya sami kwalejin da ake koyon kula da lafiyar dabbobi, ya gama, yanzu yana aiki ƙarƙashin wani likita, shi ke zagaya rugage yana allura. Mutanen ruga likita suke ce masa. Shi kuwa duk wanda ya faɗa sai ya gyara masa, ya ce a'a, shi mataimaki ne. Ranar da na fara jin ya faɗi haka sai da na shiga bayan ɗaki na share hawaye.

Abin da na koya shi ne, ranar da yaro ke zaɓen darussa a aji ɗaya na babbar sakandare ba ƙaramar rana ba ce, kuma ba a buga mata ganga, shiru take wucewa. Darasin da yaro ya ga ya fi kama da burinsa ba lalle shi jami'a ke nema ba. Iyaye 'yan'uwana, ko ba ku yi boko ba ku je ku tambaya, ku tambayi wanda ya shiga jami'ar, wane darasi da wane ake buƙata. In makarantar ba ta da malamin, ku nemi wata tun da sauran lokaci, maimaita aji guda ya fi abin da muka gani sauƙi. Kar a bar yaro ya yar da darasi don ya yi wuya ko don an ce babu komai. Ku kuma mata masu kunya irina, ban ce ku yar da al'ada ba, ni ma har gobe ba na kiran sunansa. Amma in kunnenki ya ji abin da zai cuci ɗanki, kar ki ba kowa saƙo. Ki kalli tukunyar in kin ga dama, ki faɗa masa da bakinki.