Ranar da Aka Harbe Baba da Zoɓo

Wata Asabar a Nuwamban 1991, ina shekara tara, na tsaya a bayan kwatas ɗin reluwe a Kafanchan ina kallo ɗan sanda ya harbe babana har sau uku. Masu wasan 'yan sanda na talabijin ne suka zo ɗauka, wanda zai fito ɓarawo bai zo ba, darakta ya ga Baba dogo, ya ce ya yi. Bindigar katako ce, ƙarar kuwa faranti biyu aka buga. Jinin kuwa zoɓon Mama ne, aka dama da sitaci aka zuba a farar rigarsa ta coci. Sau uku yana faɗuwa saboda akuyarmu tana shiga gaban kyamara, ana sake ɗauka.

Ba wanda ya tuna da Kaka, uwar Baba, a Kagoro. Ranar da aka nuna wasan, a gidan fasto ta gani. Talabijin baƙi da fari, zoɓo ya fito baƙi ƙirin. Ta faɗi. Baba kuma ya bi jirgin ƙasa Inugu, sai bayan kwana huɗu, ba waya.

Washegari aka aiko mana, muka shiga bas. Mun tarar an shimfiɗa tabarmi, matan zumuntar coci sun fara waƙar makoki, Kaka ta ƙi ko kunun acca. Mama ta rantse Baba yana raye, fasto ya buɗe Littafi, Kaka ta ce, "Idona ya gani, ku bar ruɗe ni." Ni sarkin wayo, tun daga gida na ɓoyo rigar a jakar makaranta, tabon bai fita ba. Na miƙa mata. "Kaka, duba, zoɓo ne fa!" Ihun da ta yi, har yau yana kunnena. Ta rungume rigar, daga nan ko ruwa ta daina sha. Kwana uku ina durƙushe gefenta da cokali, leɓenta na tsagewa, ina roƙon Allah kar in zama ni na kashe ta.

Da Baba ya iso, ta ɗaga masa riga, ta shafa ƙirjin, ta nemi rami. Sai ta zabga masa mari. "Gobe in za ka mutu, ka aiko tukuna." Ta ce a kawo kunu.

Yanzu a Kaduna, cikin go-sulo, ina ganin an kashe mutum goma a wayata, na gaske ma, in ja sama in wuce. Kaka mutum ɗaya ta gani, ta daina cin abinci.