Ranar da Tsani Ya Buɗe Baki

Tsani dai tun yana ƙarami ba mai magana ba ne. Tsayi Allah Ya ba shi har da gyara, baki kuwa kamar an ɗinke. Yana ɗan shekara sha shida shi ke tsaron baya a ƙungiyar makarantarsu, duk ƙwallon da ta taso sama ta kansa ce.

Shirun nan ne ya ja masa. Wata rana shi da golansu suka yi tsalle kan ƙwallo ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Gwaf! Sai farkawa ya yi a asibiti. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, ya hana shi wasa sai da jiri da ciwon kai suka tafi sarai.

Ciwo ya tafi, tsoro ya tare. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Da ƙwallo ta taso sai Tsani ya runtse ido ya noƙe wuya, har abokai suka koma ce masa Kunkuru. Koci ya ce, "Ka ƙara noƙewa ranar Asabar, kai da benci." Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Babansa magini ne. Ya ja shi wurin aiki ya zaunar da shi a inuwa. Leburori na cilla jan bulo sama. Na ƙasa ya ce "Ga shi nan!", na sama ya ce "Sako!", sannan a saki.

"Ka taɓa ganina da rotse?" in ji Baba. "Ba taurin kai ne da ni ba, ɗan nan, baki ne. Tashi, yau kai za ka riƙa ba su murya."

Tsani ya yini yana ihu, leburori na tsokanarsa wai amarya ta fi shi amo, har muryar ta fito.

Ranar Asabar ana cikin wasa, abokan hamayya suka bugo kwana. Ƙwallo ta taso sama, ga takun gola a bayansa. Sai ya cika ƙirji.

"Bar min!"

Gola ya ja birki cak. Tsani ya tashi sama, ido buɗe, ya sa wa ƙwallo goshi ta koma har tsakiyar fili. Wayyo daɗi! Fili ya kaure da sowa.

Can bakin layi ga Baba, wando duk siminti, yana girgiza kafaɗar wani baƙo. "Ka ji muryar nan? Ɗana ne!"