Takardun da Ba Su Naɗe Ƙosai Ba

Duk takardar da ta faɗa hannun Assibi mai ƙosai ta gama yawo. Jarida ce, littafin 'yan makarantar lakwal ne, sai ta yage ta naɗe ƙosai, ta barbaɗa yaji ɗan mitsitsi kamar maganin ido. Shekara talatin tana suya a Zongon Kwatano, kuma ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa ba.

Sai ga shi ita aka bai wa ajiyar takardu. Maƙwabciyarta Madam Mas'uda 'yar jarida ce, tana kuma rubuta littattafai. Da sojoji suka fara binciken gidajen masu alƙalami a 1977, ta jawo wata adaka har ɗakin Assibi.

"Yaya, ga amana. In ban dawo ba, 'yata Ikram za ta zo."

Ta tsallaka Lome da yarinyar, can kuma Allah ya yi mata rasuwa.

Da Assibi ta leƙa adakar ta ga rubutu irin na allo, nan take ta yanke hukunci: addu'o'i ne. Tun daga ranar ba ta taɓa su sai da alwala. Ta ɗora adakar a kan bulo, ta cusa ganyen dogon yaro saboda gara, rana na fitowa ta shanya su tana korar awaki. Shekarar da ruwa ya cika ɗakuna, adakar ta ɗauka a ka, ta bar zannuwanta suna iyo.

Mijinta Halilu, direban babbar mota, ya sha tsokanarta. "Ki kira malam mana, mu ji abin da muke gadi."

"Ba a kai amana duba, Malam."

A 1990 aka yi taron ƙasa, bakuna suka buɗe, jaridu suka yi yawa har Assibi ta rasa inda za ta zuba su. Wata hantsi zemijan, ɗan acaɓan garin, ya sauke wata mata a gaban kaskonta. Goshin Mas'uda ne sak: Ikram ce.

Gaban Assibi ya faɗi. Ciwon ƙafa ya kwantar da ita damina guda, ba ta buɗe adakar ba, gara kuwa ba ta san amana ba. Da wane ido za ta dubi marainiya? Ta ja ta har ɗaki, ta ɗaga murfin adakar. Ƙamshin ganye ya taso, takardu na nan lafiya lau, gefen guda ɗaya kawai aka ɗan gutsura.

Ikram ta miƙa hannu, Assibi ta buge shi. "Ke! Ga buta can."

Ikram ta yi alwala, ta zauna ta fara dubawa. Can sai ta tuntsire da dariya har da hawaye.

"Inna, ai ba addu'a ba ce. Rubuce-rubucenta ne. Da ajami take yi don kada sojoji su gane. Saurari wannan: 'Ƙosan Assibi ba shi da na biyu a Zongo, amma a rowar yaji ko gwamnati ba ta kama ƙafarta ba. Duk da haka, da rai ana ba da shi ajiya, ita zan bai wa nawa.'"

Assibi ta dafe ƙirji. "Shekara goma sha uku ina alwala don in taɓa gulmata!"

Ta yi dariya har ta koma kuka, don wallahi muryar Mas'uda ta ji, da tsiwarta duka. Sau uku ta sa aka maimaita mata wurin.

Ikram ta ce za a kai takardun ɗakin adana tarihi, wasu kuma a buga su littafi. Da ta tashi tafiya, Assibi ta yagi jaridar ranar, ta cika ta da ƙosai mai zafi, ta dumbuzo yaji cikin hannu ta zuba.

"Ungo, 'yata. Wannan ma ki sa a littafin."