Karen Tumakin Inna

Ni tela ne a Talata Mafara, kuma tun ina ƙarami Allah ya ɗora mini son kare. A gidanmu kuwa ba a taɓa kiwonsa ba. Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, ko leƙo zaure kare ya yi sai ta sa an share wurin an yayyafa ruwa. Na girma, na yi aure, na tara iyali, amma abin nan yana raina bai je ko'ina ba.

Tumakin Inna ne suka buɗe mini ƙofa. Manya bakwai take da su a garke bayan gida, ban da ƙanana. Da damina a ɗaure suke, ana yanko musu ciyawa. In an gama girbi an kwashe amfanin gona, sai kowa ya saki dabbobinsa, su fita da safe su yi kiwo a bakin fadama ta hanyar Garbadu, su komo da kansu kafin magariba. To, a wani rani 'yan raguna biyu suka fita ba su dawo ba. Na biyun ni na tsinci ƙafarsa da guntun fatarsa, ga sawun dila ko'ina a wurin. Inna ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Na tausaya mata ƙwarai, amma ba zan ɓoye ba, na ga dama ta samu.

Na ce, "Inna, da akwai kare tare da su, da dila bai kusance su ba."

Ta dube ni ta gefen ido. "Na san inda kad dosa. Tun kana ɗan mitsitsi kaka son abin ga." Sai ta ce, "Ɗauko shi. Amma ba shi shiga ɗaki, ba shi taɓa ƙwaryata. Kuma in anka saki bisashe bai bi tumaki ba, ka maishe shi inda kaɗ ɗauko shi. Ban ciyar da zaman banza."

Ranar na ɗinka hannun riga a juye don murna, sai da na farke na sake.

Akwai wani tsoho makiyayi daga wajen Dosara da yake zuwa kasuwa duk Talata, ni nake masa ɗinki. Karnukansa sun yi suna wajen tsaron garke. Na roƙe shi, ya ce karyarsa ta haihu, in jira su yi wata biyu suna shan nonon uwa, don wanda aka raba da uwa da wuri rago yake tashi. Na jira, ina ƙirga Talatoci kamar mai jiran ranar ɗaurin aure. Da lokaci ya yi sai ga shi da kwando a bayan babur. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya bisashe, ya hanya, ya gajiya, ni kuwa duk hankalina yana kan kwandon da ke motsi. Ya buɗe. Ɗan ja ne, mai farin ƙirji, ƙafafu manya sun fi ƙarfin jikinsa. Ya yi hamma, ya dube ni, ya yi atishawa. Wallahi na ji kamar in yi guɗa a tsakiyar kasuwa.

Tsohon ya zaunar da ni kan benci ya yi mini karatu. Kunu marar yaji da ɗan madara, kaɗan kaɗan, sau huɗu a yini. In ya ƙara girma a jiƙa masa ƙanzo da romo. Kada a ba shi ƙashin kaza ko ƙayar kifi, suna tsaya masa a wuya. Ruwa mai kyau kullum a kaskonsa, a inuwa. A duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska. A kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare a ba shi maganin tsutsa. Kada a doke shi, tsawa ɗaya ta isa, in ya yi daidai a shafa kansa nan take. Duk ina ta gyaɗa kai. Sai ya kama gwiwata.

"Malam tela, ga babbar. Cikin garke shika kwana, cikin garke shika ci. Ka riƙe tunkiya mai shayarwa ya sha nononta, warinsu ya kama shi. Inda kare ka cin abinci, nan ne gidanai. Kada ka ba shi komi waje, ko da loma guda. Ka jiya?"

Na ce, "Na jiya, Baba." Kuma da gaske na ji. Riƙewa ce ban yi ba.

Makon farko na bi karatu tiryan-tiryan. Na yi masa ɗan gurbi da tsohon buhu a kusurwar garke. Na riƙe wata tunkiya mai baƙin kai, ita ce mai haƙurin cikinsu, ya kama nono yana ture ɗanta, ɗan yana ture shi. Na yi dariya har da hawaye. Matata ta ce ko haihuwar ɗanmu na fari ba ta ga na yi wannan rawar kai ba. Na kai shi aka yi masa allura, ya yi ƙara ɗaya, ni na fi shi jin zafin.

Daga nan ne na fara ɓata aikin da hannuna. In zan fita shago da safe sai ya biyo ni bakin garke yana kuka, yana tura hanci ta tsakanin itace. Zuciyata ba ta ɗauka. Na ce bari in tafi da shi yau kaɗai. Na sa shi a kwali, na ɗaure a bayan babur. A shago na shimfiɗa masa ƙyallaye ƙarƙashin teburin keken ɗinki. Da rana na sayi tsire, na kakkaɗe yajin, na miƙa masa yanka ɗaya. Yadda ya karɓa, yadda ya lashe baki yana kaɗa wannan guntun wutsiya! Gobe ma na ce yau kaɗai. Jibi ma haka.

Kafin wata uku ya koyi fitona. Ko daga ƙarshen layi na yi fito sai ka ga ƙura ta tashi, ya iso yana tsalle. Ya koyi zama in na ɗaga yatsa. Ya daina bukatar kwali, da gudu yake bin babur har shago. Ina ta baje koli a gaban maƙwabtana teloli, ina cewa ku zo ku ga kare mai ilimi. Tumaki kuwa, in na mayar da shi garke da yamma, kallon baƙi yake yi musu.

Inna duk tana gani. Wata rana ya bi ni har ƙofar masallaci ya zauna kusa da takalman mutane yana jirana. Labari ya riga ni isa gida. Ta ce, "To, ka samu ɗan rakiya. Saura kwana nawa a saki bisashe?" A makon kuma wani dattijo ya zo karɓar shaddarsa ta zuwa Juma'a, ya hangi wutsiya ƙarƙashin teburi, ya ɗauki kayansa da yatsa biyu, bai sake dawowa ba. Na ji haushi, na ce ai bai taɓa ba. Amma na san da gaskiyarsa.

Talata ta zagayo, tsohon ya zo da yadin riga. Ya tsaya bakin shago, bai gama sallama ba ya ga karen kwance a kan ƙyallaye da tsinken tsire tsakanin ƙafafu. Ya daɗe yana kallo.

"Malam tela, wanga kare ɗinki shika koyo?"

Teloli suka fashe da dariya. Ni dai kunya ta rufe ni. Na gaya masa sharaɗin Inna, na ce gero ya riga ya nuna, dawa ta kusa, bai fi wata ɗaya da rabi a saki dabbobi ba. Na ce, "Baba, ya ɓaci ke nan?"

"Bai ɓaci ba, yaro ne. Amma maganin kai za ya yi ma ɗaci, ba shi ba. Daga yau hannunka ya hita daga abincinai. Ba fito, ba shafa kai, ba kallo. In ya zo gare ka, ka juya mai baya. Wa ad da tumakin?"

"Inna."

"To ita za ta ba shi, cikin garke, lokacin da taka ba tumaki dusa."

Na ce a raina, an gama. Matar da take wanke wurin da kare ya taka ita za ta ɗauki kasko? Na je na durƙusa na faɗa mata, ina jiran faɗa. Ta ce, "Don tumakina zan yi, ba don kai ba." Ta samo wani dogon ludayi da ta daina amfani da shi, da shi take zuba ƙanzo a kasko daga nesa, fuska a ɗaure, kamar mai ba maƙiyi sadaka.

Kwanakin nan sun ba ni wuya. Da safe sai na tura babur da hannu har ƙarshen layi kafin in tayar, don kada ya ji. Duk da haka ina jiyo kukansa. Kwana biyu ya ƙi cin abincin Inna. Na ce zai mutu, ta ce yunwa ba ta taɓa kashe mai kasko a gabansa ba, rana ta uku ya cinye har yana lasar gefe. Sau ɗaya ya haƙa ƙarƙashin shinge ya iso shago yana haki, ya dafa gwiwata. Na juya masa baya ina kallon bango. Maƙwabcina ne ya ɗaure shi da igiya ya mayar. Ban iya cin abincin rana ba.

Amma sai abubuwa suka fara sauyawa, kuma ta ramin katanga nake leƙe kamar ɓarawo a gidanmu. Na ga yana kwance ya tada kai da cikin tunkiya mai baƙin kai. Na ga wani ɗan rago yana hawa bayansa bai ko motsa ba. Wata rana akuyar maƙwabta ta tura kai cikin garke, ya tashi da haushi ya tsaya tsakaninta da dusa. Na ruga ciki ina cewa, "Inna, kin gani? Kin gani?" Ta ce ta gani, ba kurma ba ce kuma, in rage murya.

Ranar da aka saki dabbobi na ƙi fita shago. Na ɓuya bayan rumbu. Inna ta buɗe garke, tumaki suka yi waje, shi ma ya fito. Ya tsaya a tsakiyar hanya. Hagu hanyar shago ce, dama hanyar fadama. Ya shinshina sawun babur ɗina. Tunkiya mai baƙin kai ta yi kuka daga can gaba. Ya ɗaga kunne, ya juya, ya bi su da ɗan gudunsa. Na fito daga bayan rumbu ina tsalle da girmana, hula ta faɗi. Inna ta ce, "Hita ba wuya. Mu ga ranar da dila yaz zo."

Bayan kamar mako uku, da la'asar sakaliya, tumaki shida suka dawo. Babu mai baƙin kai, wadda cikinta ya tsufa, babu kare. Inna ta ƙirga sau biyu, ta dube ni. Ina dawowa ke nan daga shago, da ƙunshin tsire a aljihu. Ban ko shiga gida ba na juya babur na nufi fadama.

Haushinsa na fara jiyowa daga nesa, muryar ta dushe kamar wanda ya yini yana yi. Na ajiye babur na kutsa cikin karan dawa. A gindin wata ƙirya na same su. Tunkiya ta haihu, ɗan yana jiƙe yana ƙoƙarin miƙewa. Karen yana tsaye a gabansu, gashin wuya a tashe, kunne ɗaya ya tsage jini ya bushe a kai. Ƙasa duk ta tumurmushe, ga sawun nan da na sani. Can gefen gona na hangi bayan dila yana shigewa ciyawa, ba ya ko sauri.

Na yi kabbara da ƙarfi. Murna ta sa na manta da duk wata doka, na sa yatsu a baki na yi fiton nan namu. Ya juyo. Ya gane ni sarai, wutsiya ta kaɗa har ƙugunsa yana lanƙwasa. Ya yi taku biyu zuwa wurina, sai ya waiwaya ya dubi ɗan ragon, ya koma ya tsaya inda yake. Na sake yin fito. Bai zo ba.

Na tsaya da yatsu a baki kamar wawa. Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan, kuma na samu, amma sai na ji kamar an ƙwace mini wani abu.

Na bar babur a gonar wani, na rungumi ɗan rago. Tunkiya ta biyo ɗanta, kare ya biyo tunkiya, ni a gaba ba wanda yake bi na. Haka muka shigo gari ana kiran magariba. Inna tana bakin garke. Ta karɓi ɗan ragon ta duba shi, ta dubi kunnen karen. Ta shiga ciki ta fito da ruwan ɗumi da gishiri da tsumma, ta ce in riƙe mata fitila. Ba ludayi, ba sanda. Da hannunta ta kama kansa ta wanke ciwon, tana cewa, "Sannu, sannu, ɗan albarka. Gobe a kai ka ga likita." Maganar mayar da shi kuwa ba ta sake tasowa ba.

Na tuna da tsiren da ke aljihuna. Na ciro, na kakkaɗe yajin kamar yadda na saba, yana kallona yana kaɗa wutsiya. Sai na miƙa wa Inna, ta zuba masa a kasko.