Ƙwayoyin Mma biyu

Shekarar da babanmu ya rasu, Mma ta daina zuwa Kasuwar Malam Atta inda take sayar da albasa. Sai ta wuni a ɗakinmu na unguwar Maamobi tana kallon bango. Da ƙyar ta yarda na kai ta asibiti. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta rubuta mata wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa.

Kukan ya ragu, amma barci ya yi mata yawa. Bakinta kullum a bushe, in ta miƙe jiri ya ɗebe ta. Ranar da ta faɗi a bakin famfo muka koma. Likita ta ce a rage waɗancan a hankali har a bari, sannan a fara wani kafso mai kore da fari, da safe.

Sabon ya zo da nasa hali. Tashin zuciya, ga rashin natsuwa, ta zauna ta tashi. Mma ba ta karatun boko, amma lambar da ke jikin kwalin magani ba ta ɓace mata.

"Wancan ashirin da biyar ne, wannan ashirin," ta ce da ni. "Sun ba ni mara ƙarfi."

Na ce ta yi haƙuri, likita ta ce sai an yi makonni kafin a ga aikinsa.

Wata Asabar da hantsi na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da ita jiƙe da gumi, hannuwanta na rawa, ta kasa riƙe kofi. Na taɓa ƙirjinta, zuciyar na bugu da sauri. Na ɗaga matashinta, sai ga tsohon kwalin da na zaci na zubar, saura ƙwaya uku.

"Mma, tun yaushe kike haɗa su?"

"Kwana shida. So nake in warke in koma kasuwa."

A tasi, a hanyar asibiti, cunkoso ya riƙe mu a titin Nima. Ina riƙe da wuyan hannunta ina ƙirga bugun, ina ɓata, ina sakewa. Ita kuma sai tambayata take ko na kulle ƙofa.

Likita ta ɗora kwalayen biyu a kan tebur, ba ta yi faɗa ba.

"Hajiya, lambar nan nauyin ƙwayar ce kawai. Kowanne da ma'auninsa. Tsohon na sa barci, sabon na tada jiki da farko, kuma ba a haɗa su sai da saninmu."

Sun riƙe ta kwana biyu. Da muka dawo, ni na karɓi ajiyar maganin, kuma ta yi kwanaki tana fushi da ni. A mako na biyar ta ci tuwo ta nemi ƙari. Bayan sallar la'asar ta aike ni gidan ƙawarta in tambayo ko wani ya zauna a wurinta a kasuwa.